Fodkas ɗin Gareji: Tsohuwar kular man giya, a sake ɗaura ta ko a jefar?

AMINU: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Oga Lawal, bakanike, da Nura mai wayarin mota. Muna nan dai a kan a-kori-kurar nan mai giya atomatik da muke farfaɗowa. An samo mana tsohuwar kular man giya, ɗan ƙaramin lagireton nan da ke sanyaya mai, har da fankarta. Oga, mu ɗaura?

LAWAL: Tsaya tukuna. Me ya kashe motar da aka ciro ta?

AMINU: An ce haɗari ta yi, giyarta lafiya ƙalau.

LAWAL: To da sauƙi. Da giyar ce ta ƙone, ko kyauta ba na so. Giya in za ta mutu, garin ƙarfe da ɓurɓushin kuloci take zubarwa cikin mai, man ya bi ta kula ya ajiye su a lungu-lungu. Ka haɗa ta da lafiyayyar giya, mai ya ɗau zafi ya kwaso dattin nan ya kai shi cikin bawul, sai ka ji mota ta fara fizga wajen canza giya.

NURA: Oga, ai ana wankewa.

LAWAL: Ya danganta da irinta. Mai bututu ɗaya da ya yi ta lanƙwasa tana wankuwa, don hanya ɗaya ce. Mai faranti-faranti ta fi sanyaya mai, amma hanyoyinta da yawa a jere, ruwan wanki sai ya bi buɗaɗɗun ya bar toshassun yadda suke. Ni dai nakan tura ruwan wankin ta baya, saɓanin yadda mai ke bi, in tare shi a farin ƙyalle, in haska tocila. In na ga yana ƙyalli, magana ta ƙare. Kada ka dogara da maganaɗisu, ba ya kama alminiyom. In ta fito fes, ka toshe baki ɗaya, ka ba ta iska kaɗan ta ɗayan, ka nutsa ta a ruwa. Kumfa ko ɗaya ya taso, tana yoyo.

AMINU: A ce ta ci jarrabawa. Ina za ta shiga?

LAWAL: A layin da mai ke bi, bayan lagireto take zuwa. Mai ya fito daga giya, ya bi ta kular da ke cikin lagireto, ya shiga wannan, sannan ya koma giya. Kuma tiyon man giya za ka saya, ba na fetur ba, don zafi yana cinye shi. Ka nisanta shi da salansa.

AMINU: Gaban lagireto ba wuri, kwandensan AC ya cinye. Ƙarƙashin bodi muke tunani.

NURA: To nan fanka ta zama dole, Malam Aminu, tunda iskar gudu ba za ta same ta sosai ba. Abin da ba na so shi ne a ja wayar fanka kai tsaye daga makulli. Fanka tana jan wuta, musamman lokacin tashi, sai wayar makulli ta yi zafi. Rile ake sawa, wato ɗan suwic ɗin da ƙaramar wutar makulli ke kunnawa, shi kuma ya sakar wa fanka wuta daga batir. Ka juya shi za ka ga lambobi: 30 daga batir, da fis kusa da kan batir ɗin, 87 zuwa fanka, 86 wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, 85 kuma ta bi ta suwic ɗin zafi zuwa at, wato ƙarfen bodin mota.

AMINU: Me ya sa fis sai kusa da batir?

NURA: Don duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da kariya. In ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Girman fis kuwa ka duba amfiyar da aka rubuta a jikin fanka, waya ma ta zama mai kaurin da zai ɗauka. Inda za ka ɗaure at, ka kankare fenti sai ƙarfe ya fito.

LAWAL: Suwic ɗin fa, mai digiri nawa?

NURA: Wanda ke kunnawa wajen digiri 82 ya yi. Man giya ya fi son tsakanin 80 zuwa 95, sanyi da yawa ma ba alheri ba ne gare shi.

AMINU: Wasu na sa maɓalli a gaban direba.

NURA: A matsayin ƙari, ba laifi. Amma shi kaɗai? Ranar da ka ɗau kaya kana hawan tudu, ranar za ka manta. Sannan a duba ko fankar ta bolt 12 ce, don manyan motoci da yawa 24 suke. Kafin a ɗaure ta, a ba ta wuta a kara takarda a jikin kula, a ga ina iska ta nufa. In aka juya wayoyin biyu, baya take juyawa.

LAWAL: Ni kuma in kun gama, zan ƙara mai, don kula da tiyo sun sha nasu. Yawancin motoci ana auna shi inji na aiki, ya ɗau zafi, mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri.

AMINU: To Nura, miƙo farin ƙyallen nan, mu fara da wankin.