Fili ne ubangidan DJ

(An kwafo wannan jawabi daga faifan murya. Mai maganar ya daɗe yana sa kiɗa a gidajen biki cikin Sakkwato kafin ya fi ba da ƙarfi ga hayar lasifika da kujeru. Ya yi wa matasa masu koyon sana'ar magana ne da yammacin wata Asabar. An cire doguwar gaisuwar farko.)

Malamaina da ke gaba, a yi mini afuwa, yau zancen kiɗa za a sha. Ƙannena na baya ku matso, lasifikar nan tawa ce, na san halinta.

Ina shigowa wani yaro ya tare ni bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, don mi duk DJ in ya yi suna sai ya lalace? Ka so shi da wani kiɗa, bayan shekara biyar ka ishe shi yana wani abu daban. Kuɗi ne ko?" Na ce ya samu wuri ya zauna. Kuɗi na ciki, ba zan ɓoye muku ba. Amma wanda ya ce kuɗi ya yi shiru, ya bar jaki yana dukan taiki.

Mu fara daga gida. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, Allah ya jiƙansa, da kiɗan noma ya tashi, gadon mahaifinsa. Kiɗan gona na zuga ne, don mai garma ya manta da rana. Daga baya ya zama makaɗin fada, ya yi wa sarakuna, ya yi wa Sardauna. Akwai wanda ya taɓa cewa Ɗanƙwairo ya lalace? Ubangida ne ya canza, waƙa ta bi shi.

To shi DJ, wa ne ubangidansa? Za ku ce ango, tunda shi ke biya. A'a. Fili ne, masu rawa. Kuma wannan ubangida yana da wani hali mai ban tsoro: ba ya tsufa. Kai kana tsufa, shi kullum shekararsa ashirin. 'Yan matan da suka cika mini fili wajen 2010, yanzu su ne a kan kujera da goyo suna tsawata wa yara. Waɗanda suka gaje su ba su san waƙoƙin da na yi suna da su ba, kuma ba ruwansu.

Na gane haka a wani kamu a Mabera, wajen 2021. Na jera waƙoƙina da ba su taɓa ba ni kunya ba, na saki. Fili fayau, sai wasu yara biyu da ke tsalle. Ina ta murɗa ƙara kamar ƙara ce matsalar. Can sai ga wata yarinya cikin ƙawayen amarya, lallenta ko bushewa bai gama ba, ta miƙo mini waya mai fasasshen gilashi da bayan hannu, ta ce, "Baba DJ, sa muna wagga." Ranar aka fara ce mini Baba. [Dariya.] Na jona waya. Wani irin bugu ya fito daga ƙasa, har ragar lasifikata na kakkarwa. Kafin minti ɗaya ƙura ta tashi, ana liƙi. Amapiyano ne, kiɗan da ya taso daga unguwannin baƙaƙen fata na lardin Gauteng a Afirka ta Kudu, ya bi ta Legas ya iso mu.

Na koma gida na ce ai waƙa ɗaya ce, zan saka ta cikin jerina. Ashe ba haka abin yake ba, kuma nan nake so ku buɗe kunne, domin nan sana'ar take. Kowane kiɗa yana da adadin bugunsa a minti. Amapiyano yana wajen 112. Kiɗan haus, ba Hausa ba, haus, yana tsakanin 120 da 128. Tirans na Turawa ya kan kai 138. Aikin DJ shi ne ya haɗa ƙarshen wannan waƙa da farkon waccan ba tare da ƙafar mai rawa ta yi tuntuɓe ba. Tsohon injin faifai da manyan DJ suka yi zamani da shi, Technics SL-1200, kashi 8 cikin ɗari kawai yake bari ka ƙara sauri ko ka rage. Ku yi lissafi: 138 in ka cire kashi 8, ka tsaya wajen 127. Ina 127, ina 112? Kwamfutar yau za ta ja maka fiye da haka, amma waƙar da aka gina don sukuwa, in ka sa ta tafiyar hawainiya, ta mutu. Saboda haka in ƙafar fili ta canza gudu, akwatinka gaba ɗaya za ka sake. Mai kallo daga nesa sai ya ce ka yar da salonka.

Ku ɗauki DJ Tiësto, mutumin Holan. Sarkin tirans ne a zamaninsa, har shi aka ba ya sa kiɗa lokacin da 'yan wasa ke fareti a bikin buɗe gasar Olamfik ta 2004 a Atina. Daga 2009 ya fara juya wa tirans baya, ya koma haus da waƙoƙi masu amshi irin na rediyo. Tsofaffin masoyansa har gobe ba su huce ba. A 2013 ya samu kujerar dindindin a wani katafaren kulob na Las Begas a Amurka. Wanda ya je can ya je kashe kuɗi ne da abokai, ba zai tsaya minti tara yana jiran kiɗa ya nuna ba. Ga kuɗin da yaron nan ke magana. Amma ku lura, sai da fili ya canza sannan kuɗin suka bi.

Waya ma ta yi nata. Spotify, dandalin sauraron kiɗa a waya, ba ya lissafa an saurari waƙa sai ta wuce daƙiƙa 30. A da faifan rawa yana farawa da kusan minti guda na ganga zalla, don DJ ya samu wurin haɗawa. Yanzu in ba ka jefo amshi da wuri ba, yatsa ya wuce.

Sai kayan aiki. Ni da kaset na fara, ina juya shi da biro don in tattala batir. Aka zo sidi, wanda in ya karce sai ya yi ta in'ina a tsakiyar rawar uwar amarya. Lokacin da jakarka ba ta ɗaukar fiye da faifai hamsin, dole kana da salo, talauci ya ba ka shi. Yau ka je wurin masu turi su cika maka filas da waƙa dubu nawa kake so. Shi kansa haus ɗin rashi ne ya haife shi. Frankie Knuckles ya fara sa kiɗa a kulob ɗin Warehouse na Shikago a 1977. Da kasuwar disko ta faɗi, sababbin faifai suka yi ƙaranci, sai ya riƙa yanka tsofaffi a kan tef yana ɗinkewa, daga baya ya ƙara musu injin ganga.

Kada ku ɗauka kullum fili ne ke gaba. Wani lokaci DJ ne ke gajiya da kansa. Mutum ya buga abu ɗaya dare ɗari uku, ko tuwon shinkafa ne zai gundure shi. Avicii, ɗan Suwidin, ya hau dandalin bikin Ultra a Mayami cikin Maris 2013, ya fito da masu jita da banjo, kayan kiɗan ƙauyen Amurka, gaban mutanen da suka zo jin injin. Aka yi masa ihu, aka zage shi a intanet. Bayan 'yan watanni ɗaya daga waƙoƙin da ya buga a ranar ce ta ɗaya a Ingila da ƙasashe da dama. Shi ya riga filinsa jin ƙamshi. Wannan irin canji nake girmamawa, domin mutum ya sa sunansa a faifai ne, ko a ci ko a cinye shi.

Amma ku ji ƙarshen labarin. A 2016 ya daina yawon wasa saboda rashin lafiya, a Afrilun 2018 ya rasu a Maskat ta ƙasar Oman yana da shekara 28. Jiki ma yana da ƙuri'a a zancen salo. Ni da ke gabanku, kunnena na hagu bai daina ƙara ba, ko cikin dare in gari ya yi tsit ina jin wani siririn fito. Shi ya sa na bar dina ta dare ga yarana, na koma wuni da kamu na rana. Ina sa wa iyaye waƙoƙin fiyano na farkon finafinan Hausa, a hankali, su yi rausaya suna zaune. Wasu na cewa na yi sanyi. Na yarda.

Wanda ba na ganin girmansa ɗaya ne: mai kwafe filas ɗin wani, ya zo da waƙoƙi ashirin da ke tashe a TikTok, mako mai zuwa ya share ya zuba wasu. Kada ya ce mini ya canza salo. Sai kana da riga ake cewa ka sake riga.

An miƙo mini takarda, kuma ga ladan can yana gyaran murya. Mai son ganin yadda ake ɗaga 112 zuwa 120 ba tare da fili ya farga ba, mikisa, na'urar haɗa kiɗa, na nan bayan Magariba. Ku zo da filas ɗinku, amma wanda ya san nasa na da bairos, don Allah kada ya soka mini a kwamfuta.