Motar wa kake ja? Hira daga Aboabo

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Aboabo a Kumasi muke zuwa muku. Yau ina tare da Kawu Isaka, wanda ya daɗe yana jan tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, tsakanin Tafo da Kejetia, da ƙanena Muntari mai pragya, wato keken haya mai ƙafa uku. Kawu, sannu da zuwa.

Kawu Isaka: Yawwa 'yata, Allah ya yi albarka. Kin san sunan tirotiro ma daga kuɗin mota ya fito? Da harshen Ga, "tro" shi ne taronmu na da, kwabo uku. Kowa ya ba da nasa taro, mota ta tashi. Tun asali sana'ar haɗin gwiwa ce.

Rabi: To amma Kawu, fasinja ne ke haɗa kuɗi. Ita motar fa, ta wa ce?

Kawu Isaka: Nan gizo ke saƙar. Yawancinmu motar wani muke ja. Da asuba na karɓi makulli, na sayi tikitin ƙungiya a tasha, na shiga layi. GPRTU, ƙungiyar direbobin haya ta Ghana, ke tsara layin, ba ka lodi sai turunka ya zo, ba ka tashi sai kujeru sun cika. Da dare kuma sai na cire kuɗin mai, na sallami yaron mota, na kai wa mai mota abin da ya yanka mini, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Akwai ranar da giyar motar ta lalace, na yini a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, ina kallon bakanike, aljihu ba ko pesewa. Da magariba mai mota ya kira yana tambayar kuɗinsa. A wajen maƙwabci na ranto na kai masa.

Muntari: Baba, shi ya sa mu muka koma wokanpe, yi aiki ka biya. Mai kuɗi ya saya maka pragya, kana biyansa duk mako, in ka kammala ta zama taka.

Kawu Isaka: In ka kammala, ɗana. In ciwo ya kwantar da kai wata biyu fa?

Muntari: Gaskiya ne, Baba. Na ga wanda aka ƙwace wa tasa saura kaɗan ya gama, saboda ba su rubuta komai ba. A 2023 da aka hana pragya shiga tsakiyar gari, wajen Adum da Kejetia, ciniki ya ragu sosai, amma kuɗin mako yana nan yadda yake.

Rabi: Masu ɗaukar fasinja ta manhajar waya fa? Uber ta shigo Accra a 2016, ga Bolt da Yango sun biyo.

Muntari: Yaya Rabi, su kamasho suke cira a kowace tafiya. Mai naka ne, taya naka ne, gyara naka ne. In kuma motar ta wokanpe ce, iyayen gida biyu ke nan kake ciyarwa. Mu dai mu goma sha biyu a tasharmu muka fara adashi, susu da ake cewa a nan. Duk Juma'a bayan masallaci muna zubi, wanda ya kwasa ya rage bashinsa. Muka ware wata 'yar asusu daban ta gyara da asibiti. Da Awudu ya karye a ƙafa, daga nan muka riƙa biyan makonsa har ya miƙe, ba a taɓa masa keke ba.

Rabi: Wallahi wannan ya fi kwanta mini a rai. Sai dai adashi amana ce, Muntari. Wa ke riƙe kuɗin?

Muntari: Mutum uku ke sa hannu, ga littafi, ta momo, wato asusun kuɗi na waya, kuma ake turawa don kowa ya ga shaida a wayarsa. Burinmu mu sayi pragya guda ɗaya da sunan ƙungiya, mu ba yaron da ba shi da ubangida.

Kawu Isaka: To ku yi rajista tukuna, ku sa ta a takarda da sunanku duka kafin ku zuba ko lita ɗaya. Juma'ar nan ka kawo mini littafin in duba.

Muntari: In Allah ya yarda, Baba, bayan la'asar zan kawo.