Lacca: Masu Sharhin Jarida Da Wasan Dandamali A Landan

Assalamu alaikum jama'a. Na baya kuna jina ko? To madalla.

Ku fara sanin yadda abin yake a Landan. Za a buɗe sabon wasa yau da daddare, masu sharhi su zauna su kalla su ruga su rubuta, washegari hukunci ya fito a jarida. Dare ɗaya fa, shi kuwa marubucin ƙila shekara guda ya yi yana fama da abinsa.

A 1958 Harold Pinter ya kawo wasansa The Birthday Party gidan wasa na Lyric Hammersmith, masu sharhi suka ce su fa ba su ga kai ba ba su ga gindi ba, a wasan wasu mutum biyu sun zo sun titsiye wani bawan Allah da tambayoyi kuma ba a faɗi laifinsa ba. Sau 8 kacal aka yi aka rufe. Harold Hobson na Sunday Times ya yaba masa sosai, amma jaridarsa ta Lahadi ce, kafin ta fito an riga an tattara kaya, ihu bayan hari kenan. Pinter ɗin nan dai shi aka ba lambar yabo ta Nobel ta adabi a 2005.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Sarah Kane. Tana 'yar shekara 23 aka nuna wasanta Blasted a ƙaramin ɗakin sama na gidan wasa na Royal Court a 1995, gidan da Wole Soyinka ya taɓa aikin karanta rubutun wasanni. Labarin a ɗakin otal yake a Leeds, kwatsam yaƙi ya faɗo ciki, ga fyaɗe ga ƙwaƙule ido, gaskiya ba daɗin kallo, ni kaina da ƙyar na gama karanta shi. Jack Tinker na Daily Mail ya kira shi ƙazanta, sauran suka yi mata ca. Alhali lokacin ana yaƙin Bosniya, abin da yarinyar ke nunawa kenan, su kuma jinin kawai suka gani. Michael Billington na Guardian, wanda shi ma ya caccake ta, daga baya ya fito ya lashe amansa, kuma na jinjina masa don ba kowa ke iyawa ba. Royal Court ta sake sa wasan a 2001, ita kuwa ta kashe kanta tun 1999.

Malam na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah.