Firinta ta ƙi aiki? Ga yadda ake cire direbanta a sake saka shi

Assalamu alaikum jama'a. Kun tura aiki firinta, fitilarta na kunne, takarda na ciki, tawada ba ta ƙare ba, amma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ko kuma ta kama amayo wasu alamomi marasa kan gado, layi ɗaya a saman kowane shafi, har ta cinye muku takardu. Kafin ku kinkime ta zuwa wurin mai gyara, ku fara zargin direba.

Ba direban mota ba fa. Wata 'yar manhaja ce da ke yi wa kwamfuta da firinta tafinta. In ta lalace, kowa sai ya riƙa yarensa.

Inda yawancin mutane ke tafka kuskure shi ne, su shiga Settings, su buɗe Printers & scanners, su danna Remove, su ɗauka an gama. Sunan firintar kawai suka cire. Direban yana nan kwance cikin Windows, kuna sake jona wayar firintar shi ɗin dai zai dawo da matsalarsa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

To ku biyo ni. Ku fara zare wayar USB, sannan ku yi wancan Remove ɗin. A Windows 11 Printers & scanners ɗin yana ƙarƙashin Bluetooth & devices, a Windows 10 kuwa Devices.

Yanzu ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta printui /s /t2, da tazara kafin kowace sanda (/). Kun ga jerin da ya fito? Duk direbobin firinta ne da ke kan kwamfutarku. Ku zaɓi naku, ku danna Remove. Zai ba ku zaɓi biyu, ku ɗauki na biyu, mai cewa Remove driver and driver package. Shi ne ke tumɓuke shi daga tushe. Don Allah kar hannu ya kai kan Microsoft Print to PDF, bai yi wa kowa laifi ba.

Sau da yawa a nan Windows ke turjewa, ta ce ana amfani da direban. Kar ku damu, wani tsohon aiki ne ya maƙale a layi. Ku sake danna Windows da R, ku rubuta services.msc, ku nemo Print Spooler, wato mai kula da layin ayyukan firinta, ku tsayar da shi. Sai ku shiga C, Windows, System32, spool, PRINTERS, ku goge fayilolin da ke ciki, amma ku bar jakar kanta. Ku koma ku tada Print Spooler, domin in yana kashe wancan jerin ba zai buɗe ba, sannan ku sake gwada cirewar nan take. In ta ci gaba da gardama, ku kashe kwamfutar ku kunna.

Saura sabon direba. Ku je shafin kamfanin da ya ƙera firintar, HP ne, Canon ne ko Epson. Amma wasu shafukan daban masu cika baki cewa za su sabunta muku komai da danna ɗaya, ni dai ba na kusantarsu, tarkace suke cusa wa mutum. Ku karanta lambar da ke jikin firintar harafi-harafi: HP LaserJet P1102 daban, P1102w daban, mai w ɗin tana aiki ba waya. Masu Windows 10 su leƙa System, About a cikin Settings, su ga ko tasu mai bit 32 ce ko 64. Windows 11 duk 64 ce.

Ku buɗe abin da kuka sauke, amma kar ku jona waya sai ya ce ku jona. Gaggawa a nan ita ke sa Windows ta riga ku ta ɗora nata direban.

Da ya gama, ku koma Printers & scanners, ku zaɓi firintarku, ku shiga Printer properties ku danna Print Test Page. In takarda ta fito, alhamdulillahi. In ba ta fito ba, ku leƙa Ports a wannan wurin: firintar USB galibi kan USB001 take zama, in kuka tarar da ita kan LPT1, ku mayar da ita ku sake gwadawa.