Amsoshin Tambayoyinku: gyaran gidajen hayar gwamnati a Ingila

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau wasiƙu biyu ne a gabana kuma duk a kan gida suke. Ta farko daga wani mai sauraronmu ne a Zinder, yace yana jin ana maganar gidajen kansul a Ingila, wai gwamnati ke ba talaka haya da araha, toh in gidan ya lalace wa ke gyarawa, kuma akwai wani ma'auni da ake bi ne ko sai yadda hali yayi?

Malam akwai ma'auni. Su gidajen nan sun kai kamar miliyan 4 a Ingila, wasu na ƙananan hukumomi ne wasu kuma na ƙungiyoyin gidaje da ba riba suke nema ba. A da sun fi haka yawa, sai a 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya damar sayen gidan da suke ciki da rangwame, aka sayi masu kyau masu kyau, waɗanda suka rage kuma kuɗin kula da su yayi ƙaranci har aikin gyaran da ya taru ya kai wajen fam biliyan 19. Shi ne a 2000 gwamnatin Tony Blair ta fito da ma'aunin da suke kira Decent Homes Standard, wato gidan da ya cancanci mutum ya zauna, tace kafin ƙarshen 2010 duk gidajen sai sun kai wannan matakin.

Abu huɗu ake dubawa. Kar a samu babban haɗari ga lafiya ko rai a gidan, rufi da bango da tagogi da wayarin su kasance ba a lalace ba, gidan ya riƙe ɗumi saboda sanyin can ba irin hunturunmu bane, yana kashe tsofaffi, sannan kayan amfani su zama na zamani. Har shekaru suka sa, kicin kar ya wuce shekara 20, banɗaki kar ya wuce 30. Kuma gaskiya an yi aiki, gidaje sama da miliyan ɗaya sun samu sabon kicin ko banɗaki ko hita, sai dai 2010 ta zo ta wuce ba a kammala ba.

Amma ni abin da ke damuna, an fi ƙirga kicin nawa aka canza akan a saurari wanda ke kwana a ɗakin. Ku dubi benen Grenfell a Landan, hawa 24, ba a daɗe da gama masa kwaskwarima ba, aka lulluɓe jikinsa da wasu faifai don ya riƙe ɗumi yayi kyau a ido, ashe faifan masu cin wuta ne. Daren 14 ga Yuni 2017 gobara ta tashi daga wani kicin a hawa na huɗu ta bi jikin benen kamar an zuba fetur, mutum 72 suka rasu. Mazauna wurin sun yi ta kuka tun kafin nan cewa ana wasa da rayukansu, ba a ji ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce da ke aure a can Ingila, tace bangon ɗakin yaranta yayi baƙi da funfuna, ta goge ya dawo ta sake gogewa ya dawo, ƙaramin kullum cikin tari, ta kai ƙara sai aka ce mata wai girki da shanya a ɗaki ne ke jawowa. Tana tambaya me doka ta ce.

Hajiya Allah ya ba yaro lafiya, kuma don Allah kar ki ɗauki maganar nan da sauƙi. Irin wannan amsar aka ba iyayen Awaab Ishak a garin Rochdale, mutanen Sudan ne. Tun 2017 baban ya kai kuka a kan funfuna aka ce ya shafa fenti a kai, ya shafa, ta sake fitowa. Yaron ya rasu a Disamba 2020 kwana 8 bayan ya cika shekara 2, kuma a Nuwamba 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar funfunar da ya daɗe yana shaƙa ce ta lalata masa numfashi, gidan ba isasshiyar hanyar iska, kicin ɗin ma ba na'urar fitar da tururi. Wallahi duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci, shekara uku uba na roƙo a gyara masa bango.

Sanadin haka aka yi dokar da ake kira dokar Awaab, ta fara aiki 27 ga Oktoba 2025. Yanzu in gidan hayar gwamnati ne ko na ƙungiyar gidaje, daga ranar da kika sanar musu suna da kwanakin aiki 10 su zo su duba laima da funfuna, bayan sun duba su rubuto miki abin da suka gani cikin kwanakin aiki 3, in akwai haɗari su kawar da shi cikin kwanakin aiki 5. In abin na gaggawa ne awa 24 kawai. In ba za su iya ba a kan lokaci, su ne za su nema muku wani wurin zama da kuɗinsu.

Toh ki rubuta musu a rubuce, ta imel, kar ki tsaya a waya kawai don gobe za a ce ba a ji ba. Ki ɗau hoton bangon da kwanan wata, ki kai yaron wurin likita ya rubuta takarda a kan tarin ki haɗa. In suka yi shiru ki shigar da koke a ofishinsu, in nan ma ba biyan buƙata ki wuce ofishin Housing Ombudsman mai sauraron koken masu haya, kyauta ne ba kya biyan ko sisi. Kafin nan ki janye gadon yaron daga jikin bangon, ki rubuto mana yadda kuka ƙare.