Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji da Ya Tara Dalar Gyaɗa

Shekarar 1929 ce. Bankin Turawa, Bank of British West Africa, ya buɗe reshe a Kano, sai ga raƙuma 20 an durƙusar a ƙofarsa, kowanne niƙi-niƙi da sulallan azurfa. Duk na mutum ɗaya ne: Alhassan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, mutanen da fatauci ne gadonsu. Yana ƙaramin yaro mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara a ƙasar Gana ta yau. Wata mata mai suna Tata ce ta rene shi, kuma sunanta ne ya bi shi har kabari: Ɗan Tata. Ku duba fa, sunan da ya cika Afirka ta Yamma sunan mai reno ne.

Da goro ya fara. A lokacin fatake kan kwashe watanni a hanyar Gwanja da jakuna, ga 'yan fashi, ga goro ba ya son zafi. Shi sai ya riƙa ɗora kayansa a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. Kafin ayari ya kai rabin hanya, shi ya sayar ya koma.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawa suka zo neman gyaɗa ido rufe, amma ba su san ƙauye ba, manomi kuma bai san su ba. A nan Ɗantata ya shiga tsakani, ya zama babban mai saya wa kamfanin Niger Company. Ga yadda yake yi, kuma a ganina nan ne sirrin yake. Tun kafin kaka zai raba wa yaransa jari. Kowa ya kama kasuwarsa, ya kafa sikeli a gindin bishiya, ya auna, ya biya manomi nan take, ya ɗinke buhu ya turo birni. Ba takarda ce ke riƙe da wannan ciniki ba, amana ce. Wanda ya riƙe ta, baɗi a ƙara masa, har wata rana shi ma ya tsaya da ƙafarsa. Buhunan da jirgi ya kasa kwashewa su aka riƙa jerawa sama-sama, suka zama dalar gyaɗar da muka taso muna gani a hotuna.

Hannunsa kuma a buɗe yake. Ya biya wa mutane kuɗin aikin Hajji, ya kyautata wa malamai, mabuƙata ba su yanke daga ƙofar gidansa ba.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, ana ganin babu wanda ya kai shi dukiya a Afirka ta Yamma. Kafin ya cika ya ja kunnen 'ya'yansa su haɗa kai, kada kasuwancin ya watse. Sanusi da Aminu suka ɗora daga nan. 'Yar Sanusi, Hajiya Mariya, ita ta haifi Aliko Ɗangote, wanda shi ma da jarin da aka ba shi daga gidan kakanninsa ya fara saye da sayarwa, kafin ya kai ga siminti da matatar man Lekki mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana.