Injin jirgin ruwa da ke ɗaukar zafi idan an ba shi wuta

Tun da damina ta kankama Kogin Haɗeja ya cika, ƙorafi ɗaya ne masu fito daga Ringim har Guri suke ta maimaitawa. Inji yana tafiya lafiya lau a hankali, amma da zarar an murɗa totur sai ya ɗauki zafi, ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci ma ya mutu a tsakiyar ruwa da mutane da buhunan shinkafa a ciki.

Abin farko kowa ya san shi. A kashe inji, a ɗaga ƙafarsa, wato sashen da ke nutse cikin ruwa, a duba ƙananan ramukan da ke gefenta, domin ta nan yake shan ruwan da ke sanyaya shi. Leda guda ɗaya ko ganyen ciyawar ruwan nan kacala ya isa ya toshe su. A kuma tabbatar an gauraya fetur da baƙin mai yadda littafin injin ya faɗa, wanda a yawancin ƙananan injuna kashi 50 ne zuwa 1.

Ga inda ake yin kuskure. Mai jirgi zai tayar da inji a bakin gaɓa, ya ga siririn ruwan nan da ake kira fitsarin inji yana fita, sai ya yanke hukunci cewa famfon ruwa lafiyarsa ƙalau. Wannan ruwa shaida ce kawai cewa famfo yana turo wani abu, bai nuna cewa abin da yake turowa zai wadaci inji a lokacin gudu ba. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 yana juyawa wajen sau 1,000 a minti idan yana tsaye, amma a cikakken gudu yana kaiwa sau 4,500 zuwa 5,500, kuma zafin da yake haifarwa ya ninka sau da yawa.

A cikin ƙafar inji akwai robar famfon ruwa mai fukafukai, wadda makanikai ke kira imfela. Idan tana juyawa a hankali, fukafukanta suna manne da bangon gidanta suna matso ruwa sama, shi ya sa ko tsohuwa ce za ta fitar da fitsari. Idan gudu ya ƙaru, fukafukan sukan lanƙwashe baya, famfon ya koma watsa ruwa da ƙarfin juyawa, kuma a nan ne duk wani giɓi yake tona asirin kansa. Tsohuwar roba takan taurare ta riƙe lanƙwasa, yashi kuma yakan zana layuka a kan farantin ƙarfen da take zaune a kai. Ruwan damina na kogunanmu cike yake da yashi da laka, saboda haka ni dai ina ganin asara ce a sauya roba a bar farantin da ya ci da gidan da ya gurje. A sauya su gaba ɗaya, kuma idan wani fiffike ya karye a nemo guntun, domin yakan haura ya maƙale a hanyar ruwa.

Idan famfo sabo ne amma zafin bai daina ba, a dubi yadda aka ɗaura injin. Wanda aka ɗaga sama da yawa yakan shaƙi iska maimakon ruwa da zarar jirgi ya ɗaga goshi. Farantin da ke saman farfela ya kamata ya daidaita da ƙasan jirgi ko ya ɗan sauka kaɗan.

Sai batun tamostat, wato ɗan makullin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, wanda wasu ke cirewa su jefar. Don Allah a daina, a wanke shi a gwada shi cikin ruwan zafi, idan bai buɗe ba a sa sabo. Kada kuma a tayar da inji a tudu ba ruwa, domin ƙasa da minti ɗaya ya isa ya ƙona robar. Bayan gyara, a fita gwaji da jirgi ba fasinja, a ba shi wuta sosai na ’yan mintuna ana lura da ƙarfin fitsarin, sannan a dawo a ɗauki mutane.